Yadda Za Ka Zaɓi Waƙar Gudu A Wayarka: Ƙirga Takunka Kafin Ka Kunna Kiɗa

Duk wanda ya saba bin titin Sakkwato zuwa Jega da sanyin safiya ya san abin da zan faɗa. Da zarar an idar da sallar Asuba, kafin rana ta ɗago, za ka riƙa cin karo da samari bibbiyu ko uku-uku suna sassarfa a gefen kwalta, a Dogon Daji ne ko a Tambuwal. Wasu ’yan ƙwallo ne masu neman numfashi, wasu suna shirin tantancewar shiga soja ko ɗan sanda, wasu kuma teɓa ce ta fara leƙowa suke son korar ta. Kusan kowannensu da waya a aljihu, da iyafis a kunne.

Matsalar ita ce, yawancinmu waƙar da take tashe muke kunnawa kawai mu kama hanya. Waƙa mai zafi ta zo a farko, ka zuba ƙarfinka duka a kilomita ɗaya, ka tsaya kana haki. Ko kuma kana tsakiyar gudu wayar ta jefo maka waƙar rabuwar masoya, ka ji ƙafa ta yi nauyi. Mafi muni shi ne ka ƙure ƙara har ka kasa jin odar tirelar da ke bayanka.

Waƙar gudu ba da farin jininta ake zaɓenta ba, da saurin ƙafarka ake zaɓenta. Kuma wayar da ke hannunka, ko itel ce ƙarama, ta isa ta yi maka wannan aiki.

Kakanninmu sun riga mu sanin sirrin

Haɗa kiɗa da aikin ƙarfi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A gonar gayya, makaɗi yana bin bayan manoma da gangar noma, kowane bugu da saran garma ɗaya, sai ka ga samari sun cinye gona ba su san rana ta take ba. Mata a bakin turmi suna lugude, taɓare biyu ko uku suna sauka bi da bi ba tare da sun yi karo ba. A fagen dambe kuwa, kalangu ne ke tsuma ɗan dambe, shi ya sa har gobe idan aka kunna waƙar Shago ta Muhammadu Bawa Ɗan’anace, sai ka ga wanda bai taɓa ɗaura zare ba yana jijjiga.

Abubuwa biyu ne a nan, kuma ya kamata ka bambanta su. Na farko kiɗan da ke daidaita motsi, irin na gangar noma da lugude. Na biyu kiɗan da ke tayar da tsumi, irin na dambe. Mai dogon gudu ya fi buƙatar na farko, na biyun kuma yana da wurinsa, amma kaɗan.

Abin da masu bincike suka gano

Farfesa Costas Karageorghis na Jami’ar Brunel da ke Landan ya shafe shekaru da dama yana nazarin alaƙar kiɗa da motsa jiki. A wani gwaji da shi da abokan aikinsa suka yi a kan injin tafiya, mutanen da suka daidaita takunsu da bugun kiɗa sun ƙara juriya da kusan kashi 15 cikin 100 a kan waɗanda suka yi shiru ba kiɗa. A shekarar 2020 kuma, shi da wasu masana sun tattara sakamakon bincike 139 wuri guda, suka ga cewa kiɗa yana sa mutum ya ji daɗin atisaye, yana rage jin wahala, kuma yana ɗan ƙara ƙwazo.

Dalilin a fili yake. Ƙwaƙwalwa ba ta iya mai da hankali kan komai a lokaci guda, don haka idan kiɗa ya kama wani ɓangare na hankalinka, saƙon gajiya da ke zuwa daga cinya da ƙirji ba ya isowa da ƙarfinsa. Sai dai wannan yana aiki ne a gudun sassarfa da matsakaicin gudu. Idan ka kai matakin da ba ka iya furta jimla ɗaya saboda haki, jiki ne ke da magana, kiɗa ba zai ɓoye maka wahalar ba, iyakarsa ya sa ka daure.

Akwai misali sananne. A watan Fabrairun 1998, a birnin Birmingham na Ingila, gwanin gudun Habasha Haile Gebrselassie ya kafa tarihin duniya a tseren mita 2,000 na cikin zauren wasanni, a minti 4 da daƙiƙa 52.86, ana kaɗa masa waƙar “Scatman” a lasifika. Bai zaɓe ta don ma’anar baitocinta ba, bugunta ne ya dace da takunsa.

Lamba ɗaya da ya kamata ka sani

Kowace waƙa tana da saurin bugu, wato sau nawa ake buga ganga a cikin minti ɗaya. Wannan shi ne abin da za ka ga an rubuta BPM a manhajojin kiɗa. Kai ma kana da taka lambar: sau nawa ƙafafunka ke taɓa ƙasa a minti ɗaya. Aikin duka shi ne ka haɗa waɗannan lambobi biyu.

Ga yadda za ka gano taka. Bayan ka yi kamar minti goma kana gudu jiki ya saki, buɗe agogon ƙidayar daƙiƙa na wayarka. Ƙirga sau nawa ƙafarka ta dama kaɗai ta taka ƙasa a cikin daƙiƙa 30, sai ka ninka sau huɗu. Idan ka samu 40, takunka 160 ke nan a minti. Maimaita a rana biyu ko uku don ka tabbatar.

Yawancin masu gudu don lafiya suna faɗawa tsakanin 150 da 170. Za ka ji ana yawan ambatar 180 a intanet. Asalin wannan lamba shi ne wani mai horarwa ɗan Amurka, Jack Daniels, ya zauna ya ƙirga takun ƙwararru a gasar Olamfik ta 1984 a Los Angeles, ya ga kusan dukkansu suna kai 180 ko fiye. Amma waɗannan zakarun duniya ne a tsakiyar gasa. Kada wanda ke taka 155 ya tashi gobe ya ce sai 180, zai jawo wa kansa ciwon ƙwauri. Idan kana son ƙarawa, ƙara kashi 5 cikin 100 kawai, wato daga 160 zuwa 168, ka zauna a kai na wasu makonni. Gajeren taku mai sauri yana rage nauyin da ke sauka a kan gwiwa, saɓanin dogon taku da ke sa ka dira a kan dunduniya.

Ita kuma waƙa, hanya mafi sauƙi ita ce ka ƙirga da kanka: kunna ta, ka riƙa kaɗa yatsa tare da bugun, ka ƙirga na daƙiƙa 15, ka ninka sau huɗu. Akwai kuma ƙananan manhajoji kyauta a Play Store, ka rubuta “BPM tap” a wurin nema, waɗanda za ka riƙa taɓa fuskar waya su ba ka lambar nan take. Wannan ya fi dogaro da shafukan intanet masu jera saurin waƙoƙi, domin da wuya ka samu waƙoƙin Hausa a cikinsu.

Dabarar rabi da ninki

A nan ne mutane da yawa ke karaya, domin waƙoƙin da ke kai bugu 160 zuwa 170 ba su da yawa a cikin waɗanda muke ji kullum. To ga mafita: waƙa mai bugu 80 zuwa 85 daidai take da mai 160 zuwa 170, idan ka yi taku biyu a kowane bugu. Ƙafar dama ta sauka a kan bugun, ta hagu ta sauka a tsakani. Da wannan dabara, waƙoƙin gambarar zamani da yawa, na Hausa da na Turanci, sun shigo layi, saboda da dama daga cikinsu suna tsakanin 80 da 95.

Waɗanda ke ba da wahala su ne na tsakiya. Amapiano galibi tana wajen 110 zuwa 115, Afrobeats ma yawancinta ba ta nisa da nan. Sun yi wa gudu sanyi, idan ka ninka kuma sun wuce ƙarfin ƙafar mutum. Amma sun yi daidai da tafiya mai sauri, don haka a ajiye su don ɗumama jiki.

Waƙoƙin finafinai da na mawaƙa irin su Umar M. Shareef, Hamisu Breaker, Ado Gwanja da Ali Jita ba su da lamba ɗaya, kowace waƙa da nata saurin. Auna su ɗaya bayan ɗaya, za ka yi mamakin wadda za ta dace da wadda ba za ta dace ba.

Kiɗan gargajiya kuwa yana da wata baiwa da na zamani ba shi da ita: tsawo. Waƙar Shata ko Ɗanƙwairo ko Narambaɗa takan ɗauki minti goma ko fiye a kan amo ɗaya, ga amshi yana dawowa a kai a kai. Mai dogon gudu abin da yake so ke nan, kada a riƙa sauya masa sauri duk bayan minti uku. Sai dai kiɗan kalangu da kotso da taushi sau da yawa ana iya ƙirga shi bibbiyu ko uku-uku, shi ya sa manhajar da ke aunawa da kanta takan rikice. A irin wannan, gwada shi da ƙafa. Idan ka yi minti biyu kana gudu ba ka ji kana kokawa da gangar ba, ya yi.

Idan kuma akwai waƙar da kake so ƙwarai amma ta ɗan gaza, manhajar VLC tana ba da damar ƙara saurin sauti ba tare da murya ta koma ta yara ba. Waƙa mai bugu 160 idan ka sa ta a 1.05 ta koma 168. Kada ka wuce 1.10, daga nan waƙar ta fara lalacewa.

Yadda za ka jera su

Mu ɗauka gudun minti 45 za ka yi. Idan kowace waƙa minti huɗu ce, kana buƙatar 11 ko 12.

Biyun farko su zama masu bugu 110 zuwa 120, ka yi tafiya mai sauri da ƙaramar sassarfa. Kada ka sa waƙar da ta fi tsuma ka a nan, wannan shi ne kuskuren da ke ƙona mai tun ba a bar gari ba.

Bakwai na tsakiya su zama daidai da lambar takunka, ko rabinta. Kada bambancin da ke tsakaninsu ya wuce bugu huɗu ko biyar.

A wajen minti na 30, inda zuciya ke fara raɗa maka cewa ka tsaya, nan za ka ajiye waƙar tsumi. Kowa ya san tasa. Wani kirari ne ke tayar masa da gashin jiki, wani waƙar ƙungiyarsa ta ƙwallo. Guda ɗaya ko biyu sun isa.

Biyun ƙarshe su zama masu sanyi, ka koma tafiya, numfashi ya dawo daidai.

Bayan ka jera, kashe maɓallin da ke cakuɗa waƙoƙi, in ba haka ba duk wahalar ta tashi a banza. Jerin nan kuma zai zame maka agogo: idan yau waƙa ta shida ta same ka a wata bishiya, bayan wata guda ta same ka gaba da ita, ka san ka ci gaba ba tare da ka sayi agogon hannu mai tsada ba. Sauya waƙa uku ko huɗu duk bayan mako biyu, domin kunne yana sabawa, waƙar da ka ji sau hamsin ba ta ƙara motsa ka.

Idan ba gudu za ka yi ba

Masu ɗaga ƙarfe, ko da irin na siminti ne da ake zubawa a gwangwani, da masu atisayen ciki da na ƙirji, ba sa buƙatar bin bugu sau da ƙafa. Abin da bincike ya nuna shi ne mutane sun fi jin daɗin kiɗa mai bugu 120 zuwa 140 a irin wannan aiki, kuma wuce hakan ba ya ƙara wani abin kirki. A nan ne kiɗan dambe ke da fage. Amma kada ganga ta sa ka riƙa fizgar ƙarfe, a hankali ake saukewa.

Mai tsallen igiya kuwa kamar mai gudu yake, ya ƙirga tsallensa a minti ya nemi waƙar da ta dace. ’Yan’uwa mata da ke motsa jiki a tsakar gida su ma wannan lissafi ne, har sun fi samun sauƙi, tunda za su iya ajiye ƙaramar lasifika a gefe su huta da iyafis.

Data, memori da batir

Kada ka dogara da intanet kana gudu. Da ka fita bayan gari, ko ka nufi ƙauyukan wajen Kebbe, sabis na iya ɗaukewa, waƙa ta tsaya a daidai inda kake buƙatarta. Sauke komai tun da dare. Audiomack yana barin a ajiye waƙoƙi da yawa kyauta a ji ba data. Boomplay, wanda ke zuwa a cikin wayoyin Tecno, Infinix da itel, shi ma yana da tsarin saukewa. Spotify ya shigo Najeriya a watan Fabrairun 2021, amma sauke waƙa a cikinsa sai mai biyan kuɗin wata. Waɗanda ke memori kuwa, manhajar kiɗan wayar ta isa ta haɗa maka jeri.

Lissafin wuri mai sauƙi ne: waƙar MP3 mai matsakaicin inganci, wato 128kbps, tana cin kusan 1MB a minti, awa guda bai kai 60MB ba. Mai 320kbps tana cin kusan 144MB a awa, kuma a kan titi, ga iska ga haki, kunnenka ba zai bambance su ba. Ɗauki ƙaramar.

Kunna tsarin hana damuwa don kada sanarwar WhatsApp ta riƙa datse kiɗan, amma kada ka sa wayar a yanayin jirgin sama. Idan wani abu ya same ka a hanya, ya kamata gida su iya samunka. Sannan zufa tana kashe waya a hankali, musamman ta ramin caji. Saka ta a ƙaramar leda kafin ka sa a aljihu.

Wane iyafis?

Duba kwalin ka nemi alamar IPX. IPX4 yana jure zufa da yayyafi, shi ne mafi ƙarancin abin da mai gudu zai saya. IPX7 yana jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti 30. Idan maimakon X ka ga lamba, kamar IP55, lambar farko ta ƙura ce, kuma wannan yana da amfani a wurinmu lokacin hunturu. Wanda ba a rubuta komai ba, ka ɗauka ba ya jure komai.

Na Bluetooth ya fi sauƙi saboda ba igiyar da za ta riƙa dukan ƙirji, amma zaɓi mai maƙalewa a bayan kunne, domin ƙananan nan idan ɗaya ya faɗa cikin yashi da duhun asuba, sai dai haƙuri. Akwai kuma wanda ba ya shiga kunne sam, yana zama a kan ƙashin gefen fuska ya tura sauti ta nan, irin na kamfanin Shokz. Shi ya fi dacewa da titi, sai dai da tsada.

Kunnenka da ranka

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi duk sauran muhimmanci. Titin da ya ratsa Dogon Daji babbar hanya ce ta tireloli da tankokin mai da motocin haya. Direban da ya kwana yana tuƙi ba lallai ya hango ka a duhun asuba ko cikin hazon hunturu ba. Kunnenka ne idonka na baya.

Don haka, a kan kwalta kunne ɗaya kawai za ka sa wa iyafis, ka bar na ɓangaren titi a buɗe. Idan naka yana da fasahar toshe hayaniyar waje, kashe ta. Bi gefen hagu, kana fuskantar motocin da ke tahowa, tunda a Najeriya ta dama ake tuƙi. Sa riga mai haske. In da hali ma, bar kwaltar ka koma filin makaranta ko filin ƙwallo. Kada kuma ka shiga hanyar daji kai kaɗai da kunne a toshe, ku fita ku biyu ko uku, kuma gida su san inda ka nufa.

Sai batun ƙara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin lalacewar ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi. A lissafinta, kunnen baligi yana iya ɗaukar ƙara mai ma’aunin desibel 80 na awa 40 a mako, amma idan ta kai 90, awa huɗu ne kacal. Shawararta ita ce kada ka wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarar wayarka. Gargaɗin nan da waya ke nunawa idan ka zo ƙure ƙara ba ado ba ne. Idan ka cire iyafis ka ji kunne yana ƙugi, ka wuce gona da iri, kuma jin da ya lalace ta wannan hanya ba ya dawowa.

Ka tuna kuma cewa amfanin kiɗa shi ne ɓoye gajiya, kuma nan ne haɗarinsa yake. Daga Maris zuwa Mayu zafin ƙasar Sakkwato yana haura digiri 40. Idan ka ji jiri, ko ciwon kai, ko ciwo a ƙirji, tsaya ka nemi inuwa da ruwa, komai daɗin gangar.

Ranakun da ba kiɗa

Ba kowa ne ke sauraron waƙa ba, kuma wannan ba zai hana shi cin moriyar lissafin ba. Rubuta “metronome” a Google, zai fito maka da abin da ke buga ƙwas-ƙwas a saurin da ka zaɓa, akwai kuma manhajojinsa da ke aiki ba data. Sa lambar takunka ka bi. A ranar doguwar sassarfa mai sanyi kuwa, shirin rediyo da ka sauke ko karatun littafi ya wadatar.

Ko kai mai kiɗa ne, ware rana ɗaya a mako ka fita ba komai a kunne. Mai shirin tantancewar soja ya sani cewa ranar da za a sa shi gudu ba wanda zai bar shi da iyafis. A manyan gasanni ma haka ne: hukumar wasannin guje-guje ta Amurka ta haramta shi a tserenta a 2007, daga baya ta sassauta wa masu gudun nishaɗi, ta bar haramcin a kan masu neman kambu. Idan ka saba ba ka iya kilomita uku sai da ganga, ranar da ta fi muhimmanci za ka ji kamar an cire maka ƙafa ɗaya.

Gobe da asuba, kafin ka kunna komai, yi minti goma ka ƙirga takunka. Da ka dawo gida, zauna da wannan lamba ka auna waƙoƙi goma sha biyu daga cikin waɗanda ke wayarka. Jibi ka fita da su, kunne ɗaya a buɗe. Allah ya ƙara lafiya.